Safar hannu wari guda a kan benci

Ku dubi wannan bencin da za mu ɗauki hotonsa. A Central Park yake, babban lambun shaƙatawa da ke cikin birnin New York, da safiyar wata ranar Janairu. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Ga jar safar hannu wari guda an ɗora a bakin bencin, ƙanƙara ta rufe rabinta. Ta yaro ce, don ko tafin hannun babba ba ta kai ba.

Ba nan ta faɗi ba. A garuruwan sanyi akwai wata ɗabi'a: duk wanda ya tsinci safar hannu ko hular sanyi a ƙasa, sai ya ɗaga ta ya aza a kan benci ko shingen ƙarfe, inda ido zai gani, ko mai ita zai biyo sawu. Kun ga ke nan mutum biyu ne a hoton, wanda ya yar da wanda ya tsinta, kuma babu wanda ya fito a cikinsu. Abin da ke jan masu ɗaukar hoto ke nan. Ɗan wasan fim na Amurka Tom Hanks ya yi shekaru yana ɗaukar irin waɗannan safuna a titunan New York yana sakawa a shafukansa na sada zumunta.

Me ya sa safar hannu ke yawan ɓata? Mutum ya zauna, waya ta yi ƙara, ya cire wari guda don ya amsa, ya ajiye a cinya. Da ya miƙe, shi ke nan. Bayan ita sai lema mai karyayyen ƙarfe, kofin takarda da sauran shayi ya daskare a ciki, jarida da ta jiƙe ta manne da katako.

A lambun akwai benci kusan 10,000, kuma tun 1986 mutane ke biyan kuɗi a manna ɗan allon ƙarfe da sunan wani nasu, sau da yawa mamaci. Idan safa ta dace da zama kusa da irin wannan allon, ku tsaya ku kalla sosai kafin ku danna.

Yanzu ga aikin. Kyamara na auna haske ne da zaton cewa abin da ke gabanta ruwan toka ne, don haka idan ta ga farin ƙanƙara sai ta rage haske, farin ya fito kamar tokar murhu. Ku ƙara hasken da mataki ɗaya ko biyu. A waya, ku taɓa safar a fuskar wayar sannan ku ja alamar rana sama. Inuwa za ta fito shuɗi-shuɗi, saboda hasken sararin sama ne ke haska ta. Ni ina barin ta haka, ita ce ke sa mai kallo jin sanyin.

Rana ba ta hawa tsakar ka a wannan lokacin, a karkace take wuni, kuma a ƙarshen Disamba kafin ƙarfe biyar ta faɗi. Wannan hasken na gefe shi ke fito da saƙar ulu zare-zare. Ku durƙusa, kyamara ta zo daidai da katakon bencin.

Don Allah kada ku gyara wa abin zama. Yadda mai tsintuwa ya ajiye, haka za ku ɗauka, haka za ku bari. In kuwa katin shaida ne ko wasiƙa, kada sunan mutum ya fito a hotonku.

Sanyi na shanye batir da wuri, sai ku sa na biyu a aljihun ciki, kusa da jiki. Kafin ku shiga ɗaki mai ɗumi, ku ɗaure kyamarar cikin leda tun daga waje, ku bar ta kamar awa guda. Raɓar za ta taru a jikin ledar, gilashin ya tsira.