Tallafin Noma a Turai: Aljihun Wa Kuɗin Yake Shiga?

Masu kallo, idan gwamnati ta ware kuɗi ta ce na manoma ne, wa ya karɓa, kuma nawa aka ba shi? A Tarayyar Turai an yi shekara fiye da 40 ana rabon wannan kuɗi, mai biyan haraji bai da inda zai duba ya ga amsa.

Tun 1962 ƙasashen suka fara tsarin tallafin noma na bai-ɗaya. Kuɗin ba na wasa ba ne: daga 2021 zuwa 2027 an ware masa kusan Yuro biliyan 387, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar. Mafi yawansa kuwa da faɗin gona ake auna shi, kowace hekta da kuɗinta. Mai hekta 5 ya karɓi na 5, mai hekta 5,000 ya kwashi na 5,000. Ruwa dai can yake gangarawa inda ya tarar da ɗan'uwansa. Alƙaluman Hukumar Tarayyar da kanta sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ake biya kai tsaye yana tafiya hannun kashi 20 na masu karɓa.

'Yan jarida ne suka fara ɗaga labulen. A 2004 suka matsa wa Denmark har ta saki sunaye. Da Birtaniya ta fitar da nata a 2005, sai ga gonakin Sarauniya Elizabeth a jerin, ga kamfanin sukari na Tate & Lyle a sahun gaba. Ka ji manoma! Zuwa 2009 doka ta wajabta wa kowace ƙasa ta wallafa sunaye a intanet.

Sai wasu manoman Jamus suka garzaya kotu, suka ce an tona musu asiri, maƙwabci na iya zama a ɗakinsa ya ga abin da ya shigo musu. Kuma a gaskiya kukansu ba na banza ba ne. A Nuwamban 2010 kotun Tarayyar da ke Luxembourg ta ba su gaskiya, aka dakatar da buga sunayen ɗaiɗaikun mutane. Dokar 2013 ce ta raba gardama: wanda ya karɓi Yuro 1,250 ko ƙasa da haka, lamba ake sa masa maimakon suna. Wanda ya haura, za a ga sunansa, da yankinsa, da adadin kuɗin, da abin da aka biya shi dominsa.

To amma da sauran rina a kaba. Attajiri ɗaya na iya raba gonakinsa ga kamfanoni goma, kowanne ya fito da suna daban, sai mai haƙurin bincike zai gane tushensu ɗaya. Ƙasashe 27, kowace da shafinta da yarenta. Bin diddigin ma yana da haɗari: Ján Kuciak, ɗan jaridar Slovakia da aka kashe a Fabrairun 2018, almundahanar tallafin noma na cikin abubuwan da yake bincika.

Jerin kowace shekara yakan fito kafin ƙarshen watan Mayu, bayan shekara biyu kuma a sauke shi. Shi ya sa masu shafin farmsubsidy.org suke kwafe shi su adana tun kafin ya ɓace.