Ƙugiyoyi Huɗu, Ƙofa Ɗaya

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ni na kawo ƙara, Malam Sani da Isufu su ne alƙalai. Makon jiya na gaji da kwafo ƙ daga wani tsohon fayil duk lokacin da zan rubuta "ƙasa", sai na ce bari in ba kowane harafi mai ƙugiya tasa gajeriyar hanyar a Word. Na ɗora ɓ a kan Ctrl+B, ɗ a kan Ctrl+D, ƙ a kan Ctrl+K.

Malam Sani: Kash! Kin kori masu gida kin zaunar da baƙi.

Hadiza: Wallahi kuwa, Malam. Washegari na haska kanun labari zan kaurara shi, na danna Ctrl+B, sai kanun ya ɓace gaba ɗaya, ɓ ɗaya tal ta tsaya a gurbinsa tana kallona.

Isufu: Ai haruffan namu sun faɗa unguwar manya. A Word, B na kaurara rubutu ne, D na buɗe akwatin zaɓen fasalin haruffa, K na saka mahaɗin intanet. Ku a Najeriya kuna rubuta 'y, mu a Nijar ƴ muke rubutawa, to shi ma Ctrl+Y yana da aikinsa, shi ke maido abin da ka soke. Duka huɗun da mai su.

Hadiza: To yaya mutum zai yi?

Malam Sani: Ki yi musu zaure. Umarnin da suke dangin juna ba a warwatsa su a allon, ana ba su ƙofa ɗaya ne. Ki danna maɓallin shiga, ki saki, sannan ki danna harafin. Emacs, wata manhajar rubutu ta masu tsara manhaja, ya daɗe da wannan tsari, har ma a ƙa'idarsa an keɓe Ctrl+C da harafi ɗaya a bayansa don mai amfani kawai, masu rubuta ƙarin manhaja ba su da hurumin taɓawa. Ni nawa Ctrl+C ne, sai h, wato Hausa, sai k ko d ko b ko y. In babban baƙi nake so, na haɗa da Shift, Ƙ ta fito. Abu ɗaya na haddace, haruffa takwas na samu.

Isufu: Word ma ya san wannan hanyar. Mu masu rubuta Faransanci a allon Ingilishi, Ctrl da alamar ' muke dannawa, mu saki, mu buga e, sai é ta fito.

Hadiza: Ni kuma da nake aiki da VS Code, manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a ofis fa?

Malam Sani: Can Ctrl+K kansa zaure ne. Ctrl+K sannan Ctrl+C yana mai da layi sharhi, wato bayanin da kwamfuta ba ta aiwatarwa, Ctrl+K sannan Ctrl+U yana cire sharhin. Kin ga tagwaye, ƙofarsu ɗaya. In kika ɗora ƙ a kansa, ba umarni ɗaya kika taɓa ba, gida guda kika rushe. Danna Ctrl+K da Ctrl+S, jerin duka gajerun hanyoyin zai buɗe, ki duba ko wurin da kike so da kowa kafin ki ajiye kaya.

Isufu: Amma Malam, ina da ja. Ba kullum harafin farko na suna ke aiki ba. Me ya haɗa V na Ctrl+V da liƙawa?

Malam Sani: Babu, maƙwabtaka ce kawai. Z, X, C, V, wato sokewa, yankewa, kwafa da liƙawa, jere suke a layin ƙasa, hannun hagu na kansu, na dama na kan linzami. Tun kwamfutar Macintosh ta 1984 jama'a suka saba da su haka. Shi ma Bill Joy da ya ƙirƙiri manhajar rubutu ta vi a 1976, h, j, k, l ya ɗauka don motsi a cikin rubutu, domin a na'urar ADM-3A da yake aiki da ita an zana kibiyoyi a kan waɗannan maɓallan.

Isufu: To nan ne mu ke shan wuya. Allonmu a Damagaram AZERTY ne, wato tsarin Faransanci, Z ta hau sama, W ta sauko gurbinta. Ranar da na fara aron kwamfutar wani abokina mai irin wannan allon, yatsana ya saba da allon Ingilishi, na je soke kuskure, sai na danna Ctrl+W. Fayil ya nemi rufewa, ni ko na danna "a'a" ga tambayar adanawa ban karanta ba.

Hadiza: Innalillahi! Shafi nawa?

Isufu: Kar ki tambaya, Hajiya.

Hadiza: To ni dai yau zan mayar wa Ctrl+B aikinsa. Malam, in na hau kwamfutar da ba tawa ba fa, babu zauren nawa?

Malam Sani: A Word ki buga 0199, ki danna Alt+X, ƙ za ta fito. Ta ɗ 0257, ta ɓ 0253.

Isufu: Tamu ta ƴ kuma 01B4. Rubuta a bayan hannunki.