Fodkas: Me ya sa Sinners ya tsaya mana a rai, na Marvel kuma suka wuce?

Auwal: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Auwal ne, ga mutumina Kabiru, ga kuma ƙanwata Zainab da ta dame ni tun satin jiya wai sai an yi maganar fim ɗin Sinners. Tun yanzu ina faɗa, wanda bai kalli fina-finan nan ba ya dakata ya je ya kalla ya dawo, don yau ba abin da za mu ɓoye.

Zainab: Yaya ai dole in dame ka, wallahi sau uku na kalle shi kuma har yanzu in na tuna sin ɗin bakin ƙofar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Kabiru: Na Cornbread?

Zainab: Shi fa. Mutumin da shi ne mai gadin ƙofar, tun farkon dare yake tsaye yana cewa wane shiga wane tsaya, ya ɗan zagaya baya kawai, da ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ta zuba yana wasa da dariya amma ya ƙi sa ƙafa ciki sai an ce masa shigo. Annie, matar ɗaya daga cikin tagwayen fim ɗin, ita ce ta fara gane cewa ya zama mai shan jini, irin waɗanda ba sa iya shiga sai an gayyace su, ta ce in kai ne to shigo mana da kanka. Ba dodo ba jini ba komai, mutum ne kawai a tsaye da murmushi, amma ni a nan numfashina ya ɗauke.

Auwal: Kuma kin san me ya jawo haka? Daraktan, Ryan Coogler, ya yi haƙuri. Kusan awa guda ba abin tsoro na kirki, kana bin tagwayen nan Smoke da Stack, duka Michael B. Jordan ne ya fito a su biyun, sun dawo Mississippi daga Chicago a 1932, suna sayen wuri, suna tattara mawaƙa da mai girki da mai gadi, kana ganin masu tsintar auduga, kana sanin wa ke son wa, wa ya binne 'ya. To lokacin da masu shan jinin suka iso ka riga ka san kowa a ɗakin nan da sunansa.

Kabiru: Ni fa farkon nan ya ɗan ja min, gaskiya. Na shiga kallon fim ɗin ban tsoro sai na ga kamar tarihi ake koya min.

Zainab: Haba Yaya Kabiru, to da ba a yi jan nan ba ina za ka ji zafin alkawarin da Annie ta sa Smoke ya ɗauka, cewa in an cije ta ya kashe ta kafin ta juye? Kuma ya cika. Ta mutu kuma ba ta tashi ba.

Auwal: To kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni abin da ya raba ni da Marvel kenan. Na yi kuka a Logan, 2017, ba na jin kunyar faɗa, yarinyar nan ta juya gicciyen kabarin Wolverine ya koma X, na ce shikenan an rufe babi da mutunci. Sai ga Deadpool & Wolverine a 2024, farkon fim ɗin ma kabarin aka tone ana faɗa da ƙasusuwansa, aka kawo wani Wolverine ɗin daga wata duniyar. Tony Stark ya mutu a Endgame, duniya ta girgiza, yanzu an ce Robert Downey Jr. da ya fito a shi zai dawo a matsayin Doctor Doom. To don Allah in jarumi ya faɗi a gabana yanzu me zai sa gabana ya faɗi? Na san akwai irinsa dubu a ajiye.

Kabiru: Amma mutumina fim ɗin ya haura dala biliyan 1 a sinima, mutane sun je sun yi dariya sun more kuɗinsu, ni ma na more. Ba kowane fim ake shiga don a yi kuka ba.

Auwal: Ban ce bai yi daɗi ba. Yanzu faɗa min me bos ɗin take so.

Kabiru: Cassandra Nova, mai tura yatsu cikin kan mutane... abin da take so kam sai na yi tunani.

Auwal: Ka ji ko.

Kabiru: To tsaya, bari in kare gidanmu na DC da Superman na James Gunn, 2025. Ni abin da ya burge ni shi ne inda aka buɗe fim ɗin. Ba a sake ba mu labarin yadda Krypton ta fashe ba, kowa ya haddace wannan. Buɗewa kawai sai ga shi ya faɗo cikin dusar ƙanƙara, an lakaɗa masa duka, jini a baki, numfashi da kyar, sai fito ya iya yi karensa Krypto ya zo, shi kuma karen maimakon ya taimaka sai ya hau tsalle a kan haƙarƙarin da ya karye. Daga nan na yarda da David Corenswet. Kuma mutum ne da ana tsakiyar faɗa da ƙaton dodo zai tsaya ya ɗauke kurege daga hanya, wannan shi ne Superman ɗin da na sani tun ina yaro.

Zainab: Ni hirar da budurwarsa 'yar jarida Lois ta yi da shi a ɗaki ta fi min duk faɗan. Tana tambayarsa wa ya ba ka izinin shiga yaƙin ƙasashe biyu, yana ta hasala yana cewa mutane za su mutu ne. Amma jarumai sun yi yawa a ciki, kafin ka riƙe sunan wannan an jefo wani.

Auwal: Na yarda da Superman, rabi. Ƙarshensa dai an koma gidan jiya, gari yana tsagewa biyu, kwamfuta ta yi ta aiki. Ku kwatanta da Godzilla Minus One na Japan, 2023, kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 15 ba, mutum 35 ne suka yi aikin kwamfutar, kuma suka ɗauke Oscar a gaban manyan Hollywood. Sin ɗin da Godzilla ke bin ɗan jirgin ruwan katakon nan, kai kawai ya fito saman ruwa yana matsowa, su huɗu a ciki suna jefa masa nakiya, wallahi ƙafata na ɗage daga ƙasa.

Kabiru: To ai na kama ka. Noriko fa? Iskar fashewar nan ta kwashe ta a Ginza, kowa ya ce ta tafi, ƙarshen fim sai ga ta a gadon asibiti. Wannan ba dawowa ba ce?

Auwal: Ka kama ni kam, kuma raina bai so ba da farko. Sai dai shi jarumin, Shikishima, gaba ɗaya labarinsa na mutumin da aka aika ya mutu ne ya ƙi, yana yawo da kunyar cewa yana raye, to fim ɗin yana so ya ce masa rayuwar ba laifi ba ce. Na yafe musu saboda wannan. Kuma akwai baƙin tabon nan a wuyanta, ba lafiya lau ta dawo ba.

Zainab: Ku ba ni minti ɗaya in sa Weapons. Yara 17 'yan aji ɗaya su tashi ƙarfe 2:17 na dare su fita da gudu hannuwa a buɗe, ɗaya tal ya rage. Kyamarar ƙofar gidaje ce kawai ta ɗauke su. Hoton nan kaɗai ya isa, ko da ƙarshen ya koma rabi tsoro rabi dariya.

Kabiru: Ba wanda zai ce komai kan Tom Cruise? Mutum ya haura shekara 60 yana lilo a fiffiken ƙaramin jirgi a sararin Afirka ta Kudu, iska tana jan fatar fuskarsa, da gaske fa ba kwamfuta ba.

Auwal: Mission: Impossible – The Final Reckoning kenan. Sin ɗin jirgin da na jirgin ƙarƙashin ruwan nan da yake ta mirginawa ba magana, su biyun ba na biyunsu. Amma fim kusan awa 3, awa ta farko duk zama ne ana tuna mana abin da ya faru a baya ana yabon jarumin, Ethan Hunt.

Kabiru: Abokinsa Luther ya mutu dai, tun 1996 yake tare da shi, kuma bai dawo ba. Sa wannan a lissafinka.

Auwal: Na sa.

Zainab: Yaya ba mu taɓa Dune ba fa, kuma ina da magana kan yadda suka ɗebi Mahdi da Lisan al-Gaib da kuma kallon da Chani ta yi wa Paul a ƙarshe.

Auwal: Wannan ba maganar minti biyu ba ce, shiri guda za mu ba shi sati mai zuwa. Kabiru ka je ka sake kallon kashi na biyun kafin nan, don na san musu za ka zo da shi. Sai mun haɗu jama'a.