Dagwalon Manja da Gansakuka a Maleshiya

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanena na Auyo da Haɗejiya. Ku yi haƙuri da toshe hancin da nake ta yi, wallahi warin wurin nan sai wanda ya shaƙa. Amma murna ta hana ni tafiya.

Wannan tafkin da kuke gani a bayana dagwalon masana'antar manja ne, a jihar Selangor ta Maleshiya. Ruwa ne baƙi-ƙirin mai kauri, yana fitowa daga injin da zafinsa, turiri na tashi. Duk tan ɗaya na manja sai ya bar wajen tan uku na wannan ƙazanta, ga shi Maleshiya da Indonesiya su ke da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya. In aka bar dagwalon ya ruɓe, iskar methane mai ɗumama yanayi yake fitarwa, in ya gangara kogi kifi ya mutu.

To ku matso ku ga nan. Kun ga robobin nan kore shar? Gansakuka ce! Ƙananan iri ne, Chlorella da Spirulina, sai da madubin likita ake ganin ƙwaya ɗaya. Sai dagwalon ya huce a tace shi, a sirka da ruwa sosai, don in ya yi duhu rana ba ta ratsa shi, gansakukar kuwa ba ta rayuwa sai da haske. Sannan a zuba iri, ana kaɗawa ana hura iska. Sinadaran takin da ke ciki, naitirojin da fosfaras, su ne abincinta. Ruwa ya ragu da dauɗa, ita ta yi yawa, a tace a shanya, a haɗa abincin kifi da na kaji, wasu ma man mota suke gwada tatsa. Garin Spirulina fiye da rabinsa furotin ne, a kanti ɗan ƙaramin gwangwani ya ci kuɗin abincina na kwanaki.

Abin da ya sosa min rai, kwakwar manjar nan asalinta tamu ce ta Afirka ta Yamma. Sai 1917 aka buɗe babbar gonarta ta kasuwanci ta farko a nan Maleshiya, kuma farkon shekarun 1960 Nijeriya ce a gaba. Ita Spirulinar ma, matan Kanembu a gefen Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasarta su shanya a rairayi su yi miya, dihe suke ce mata. Ruwan kanwa take so. Da na faɗa wa malaminmu kanwa a ƙofar gida ake sayar mana, sai da ya sake dubana. Ga rana, tamu ta fi tasu, nan kusan kullum hadari.

Kawu, na san kana kallo, kuma na san kukan da kake yi da tsadar abincin tarwaɗa. Mu a yankinmu ba mu da masana'antar manja, amma ruwan turara shinkafa nawa ake zubarwa a Haɗejiya da Kura? Shi nake so in gwada in na dawo, in Allah ya yarda.

Sai dai don Allah kar wani ya je kududdufin bayan gari ya kwaso kore ya ba dabbobi. Akwai irin da ke da guba, tana lalata hanta, kuma ido ba ya bambancewa. Ruwan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa kuwa kar ku kusance shi, akwai sinadarin kuromiyam mai cutarwa, gansakuka tana zuƙe shi, kifi ya ci, ku ci kifin. A samo iri daga ɗakin gwaje-gwajen jami'a, a fara da bokiti ɗaya tukuna.