Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Najeriya a Gana, Ranar Ziyararsa Ofishin Agajin Shari'a na Unguwar Nima a Birnin Akra

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Jakada, ranka ya daɗe, mai martaba Sarkin Nima da sauran sarakunan Zongo, limamanmu da malamanmu, iyayenmu mata, 'ya'yanmu 'yan sa-kai, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Nima. Daga ofishinka zuwa nan babu nisa, amma ba kowane babba ke yarda ya bar motarsa a bakin titi ya biyo lungu da ƙafa ba. Ka ga ɗakin namu: benci biyu, tebur ɗaya, da fankar da sai ta ga dama take juyawa. A madadin kwamitin unguwa ina yi maka godiya da ka zo ka ga yaran nan 'yan sa-kai da ƙasarka ta ara mana.

Neman wa talaka haƙƙinsa ba baƙon abu ba ne a unguwar nan. A 1997 wasu matasa masu karatun lauya a Jami'ar Gana suka kafa cibiyar Legal Resources Centre, suka zauna da mutanen Nima da Mamobi, har ɗalibai daga Jami'ar Harvard ta Amurka suka riƙa zuwa suna kama musu. Lokacin ana zamanin "biya kafin a duba ka" a asibiti, kuma suna cikin waɗanda suka ɗaga murya a kai kafin dokar inshorar lafiya ta 2003 ta fito. Sawunsu muka bi. Gwamnati ma tana da nata: sashe na 294 na tsarin mulkin 1992 ya yi tanadin agajin shari'a, a 2018 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumarsa. Sai dai tsohuwar da ba ta jin Turanci, ba ta jin yaren Tuwi na Gana sosai, da wuya ta kai kanta can. Nan take zuwa, domin nan ne za a ce mata "Sannu Iya, me ke tafe da ke?"

Wannan gaisuwar ita ce babban abin da yaranku suka kawo mana. Ba su da izinin tsayawa gaban alƙali a Gana, sai lauyan da aka rantsar a nan. Su kan saurara, su rubuta, su yi tafinta, su raka mutum inda yake tsoron shiga shi kaɗai. Kafin zuwansu mun yi baƙi daga Turai da Amurka, mutanen kirki, amma duk maganar da ta bi ta bakin tafinta sai ta zubar da rabinta a hanya, balle maganar aure da gado.

Bari in ba ka labari guda. Wata baiwar Allah ta zo mana bayan ta fita takaba, dangin miji sun ce ta kwashe kayanta ta bar gidan. Ɗiyarmu da ta zo daga Kano, wadda ta san fiƙihun gado kamar tafin hannunta, nan take ta ɗauki biro ta fara fitar da tumuni. Sai lauyarmu ta nan ta tambaya: ina takardar rajistar auren? Babu. Akwai dokar auren Musulmi tun ta 1907 da ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma a tambayi dattawan da ke zaune nan, nawa ne suka yi? Ga shi kuma Gana ba ta da kotun shari'ar Musulunci irin ta Kano ko Sakkwato. Wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta 1985 ce ke raba dukiyarsa, ko wane addini yake bi. A ƙarƙashinta, kayan ɗaki da gida, idan guda ɗaya ne, na matar ne da 'ya'ya. Da wannan aka je aka zauna da dangin a gaban liman, aka yi sulhu ba tare da an taka ƙofar kotu ba. Yarinyar nan ta faɗa mini daga baya cewa ranar ce ta gane karatun da ta zo da shi rabin guzuri ne. Tun daga nan ita ce ke bin masallatai tana jan hankalin magidanta: wanda ke son a raba masa gado bisa tsarin Musulunci, ya rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu tun yana numfashi.

Sauran ƙorafin da ke cika bencin nan ka san irinsu. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma mai gida sai ya ce shekara biyu ko ka nemi wani wuri. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 48, amma sai uwa ta san da haka kafin ta iya tambaya. Akwai masu jiran shari'a a gidan yarin Nsawam, waɗanda dominsu aka fara shirin kai kotu cikin kurkuku a 2007, kuma a cikinsu ba a rasa 'yan Najeriya da ba wanda ya san suna can.

Ranka ya daɗe, baƙo ba ya zuwa a ɓoye masa ciwo. Matsalarmu ita ce lokaci. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan yankin nan kwana 90 ba tare da biza ba, kuma yawancin yaran a kan wannan suke shigowa. Wata na farko yana tafiya wajen koyon lunguna da dokar Gana. A na biyu mutane su fara sakin jiki da su. A na uku sai haɗa jaka. Shari'ar fili ko ta gado kuwa ba ta san kwana 90 ba. Sai tsoho ya dawo ya tarar da sabuwar fuska, a ce ya sake labarin tun daga farko. Wani ya sake, wani ya yi zuciya ya tafi ke nan. Ba zan ɓoye ba, an taɓa kawo mana waɗanda hoto da yaran unguwa ya fi damunsu a kan fayil. Irin waɗannan mun gode, a bar su a gida.

Roƙonmu shi ne ofishinka ya taimaka wa masu niyyar daɗewa su sami takardar zama, ko da ta shekara guda ce. Najeriya tana da shirin TAC tun 1987, wanda ke tura ƙwararru aikin sa-kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. In an duba lauyoyi masu jin Hausa a ciki, Zongon Akra da na Kumasi za su san inda za su sa su. Muna kuma son hanya ta zama mai zuwa da dawowa: a karɓi namu yaran su je Kano ko Zariya su ga yadda ake aikin a can. Sannan a ware mana jami'i guda da za mu kira idan mun ci karo da ɗan Najeriya a tsare.

Yanzu, in ka yarda, yaran za su nuna maka littafin da muke rubuta ƙorafi, an rufe sunaye. Iyayenmu mata kuma sun dafa waakye, wato shinkafa da wakenku ne da ya zo Gana ya sake suna, sun ce ba za ka fita lungun nan ba sai ka ɗanɗana.

Allah ya ƙara girma, ya maida kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.