Yawon buɗe ido a Beijing da kuɗi kaɗan, ba tare da ɗan jagora ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. 'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Sabon Gari sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Guangzhou da Yiwu, su yi sari, su ɗaure kaya, su dawo. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa leƙa Beijing, babban birnin ƙasar Sin, wai don suna ganin yawon buɗe ido a can sai masu hannu da shuni, ko kuma sai an biya kamfani ya haɗa maka mota da jagora. Ba haka abin yake ba. Kuɗin shiga wuraren tarihi a Beijing da kuɗin sufuri duk masu sauƙi ne. Abin da birnin yake nema a wurinka shi ne shiri, kuma yawancin shirin a wayarka za ka yi shi tun kana gida.

Biza da tikitin jirgi su ne masu cin kuɗi. Bizar yawon buɗe ido ita ce mai harafin L, ta kasuwanci kuma M. Jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Yamai, a sauya a Addis Ababa, a wuce Beijing. Wanda kuma yake Guangzhou, jirgin ƙasa mai gudu zai kai shi cikin kamar awa 8, a kan layin da ya kai kilomita 2,298, wanda aka buɗe a 2012.

Sai zaɓen lokaci, kuma ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau. Kada ku je a makon farko na watan Oktoba, domin hutun ranar ƙasa ne, miliyoyin mutane suna kan hanya. Haka ma farkon watan Mayu, da lokacin bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu. Ɗaki yana tsada, tikiti yana ƙarewa. Sanyin hunturun Beijing kuwa ya wuce duk abin da muka sani a Jos ko Agadas, ruwan tafki har daskarewa yake yi. Afrilu, Satumba, da ƙarshen Oktoba sun fi daɗin yawo.

To, mu koma kan waya. A can WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a kan intanet ɗin gida. Idan ka tafi da layinka na waje mai damar aiki a ƙetare, galibi za su yi aiki, saboda haka ka tanadi wannan kafin ka tashi. Taswirar Google ba za ta amfane ka ba, ka sauke Amap. Ka sauke manhajar fassara wadda ke aiki ko babu intanet. Mafi muhimmanci, ka sauke Alipay ko WeChat, manhajojin biyan kuɗi da waya, ka haɗa su da katinka na Visa ko Mastercard, wanda bankinka ya buɗe wa cinikin waje, sannan ka gwada tun kana gida. A Beijing hatta tsohuwa mai sayar da dankalin gashi a bakin titi da waya ake biyanta. Har yanzu doka ta ce a karɓi tsabar kuɗi, amma sau da yawa mai shago ba ya da canji. Cinikin da bai wuce yuwan 200 ba (yuwan shi ne kuɗin ƙasar Sin), ba a cire maka komai a kai. In ya haura, ana cire kashi 3 cikin ɗari.

Wajen masauki, kada ka dage sai ka kwana a tsakiyar gari. Nemi ƙaramin otal da ke kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ka tabbatar sun saba karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin wajibi ne a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24. Otal shi ke yi maka. In kuma gidan aboki ka sauka, ku je ofishin 'yan sanda na unguwa da kanku.

Jirgin ƙarƙashin ƙasan nan shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi. Yuwan 3 ne farkon kuɗinsa, na tafiyar kilomita 6, sai ya riƙa ƙaruwa kaɗan kaɗan. An rubuta sunayen tashoshi da haruffan boko, kuma a kowace ƙofa za a saka jakarka a na'urar bincike, kada hakan ya ba ka tsoro, kowa ake yi wa. Daga filin jirgin sama na Capital akwai jirgin da ke shigo da kai gari a kan yuwan 25.

Ga Haramtaccen Birni nan kuna gani, fadar da aka fara ginawa a 1406 aka kammala a 1420, a zamanin sarki Yongle na daular Ming. Sarakuna 24 ne suka zauna a cikinta, na ƙarshensu Puyi ya fita a 1924, shekara ɗaya bayan nan aka mayar da ita gidan tarihi. Kuɗin shiga yuwan 60 ne daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 a sauran watanni. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke asarar tafiyarsu. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, kuma ana sakin tikiti a intanet kwana 7 kafin ranar, da ƙarfe 8 na daren Beijing, wato ƙarfe 1 na rana agogon Najeriya da Nijar. A lokacin cunkoso nan da nan yake ƙarewa. Ka saita ƙararrawa, lambar fasfonka tana hannunka. Fasfon shi ne tikitinka a ƙofa. Ranar Litinin a rufe wurin yake. Dandalin Tiananmen da babban gidan tarihi na ƙasa da ke gefensa kyauta ne, amma su ma sai ka yi rajista tukuna.

Ta ƙofar kudu ake shiga fadar, a fita ta arewa. Da ka fito, tsallaka titi ka shiga lambun Jingshan, yuwan 2 kacal. Ka hau tudun da ke ciki da la'asar sakaliya, ka juyo kudu. Rufin fadar gaba ɗaya zai shimfiɗu a gabanka, ruwan ɗorawa, layi bayan layi, rana tana dukansa yana sheƙi. A ganina babu yuwan 2 da za ka kashe a birnin nan da ya kai wannan albarka.

Babbar Ganuwa ma ba ta buƙatar ɗan jagora. Tun ƙarshen 2019 akwai jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Beijing ta Arewa ko ta Qinghe zuwa Badaling, wani sashe na ganuwar, tafiyar kamar rabin awa. Ana sayen tikitinsa a manhajar 12306. Shiga ganuwar yuwan 40 ne a lokacin cunkoso. Badaling ta fi sauƙin zuwa, kuma ta fi cika, saboda haka ka kama jirgin sassafe. Mai son sarari ya tafi sashen Mutianyu, ya hau bas mai lamba 916 daga Dongzhimen zuwa Huairou, ya ƙarasa da wata motar. Matakalan ba su daidaita ba, wata gajera wata har gwiwa, don haka a sa takalmi mai riƙe ƙafa, a tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, domin abinci a bakin ganuwa yana da tsada.

Haikalin Sama, inda sarakuna suke ibada a da, da Fadar Bazara, wurin hutawarsu, kowanne rabin yini ya ishe shi. Je Haikalin da safe, za ka tarar da dattawa a lambu suna motsa jiki, wasu na kaɗe-kaɗe, wasu na rubutu a kan daɓe da ruwa da ƙaton buroshi, rubutun yana bushewa suna sake wani.

Na san tambayar da ke ranku ita ce abinci. Musulmi sun fi shekara dubu a wannan birni. Masallacin Niujie, mafi tsufa a Beijing, an fara gina shi a shekarar 996, kuma daga waje za ka ɗauka fadar wani sarki ce, sai ka matso ka ga rubutun Larabci. Unguwar da ke kewaye da shi ta Musulmi 'yan ƙabilar Hui ce, cike da mahauta da masu tsiren rago da masu alewar shinkafa, kuma layi na 19 yana da tasha a wurin. A sauran unguwanni ka nemi alamar 清真, sau da yawa a kan koren allo, ita ce shaidar halal. Ka ɗauki hotonta daga wannan bidiyo ka ajiye. Shagunan taliyar Lanzhou suna ko'ina, za ka ga mai dafawa yana jan ƙullin da hannu a gabanka, yana ninkawa har ya zama siraran zare, ya jefa a romon naman sa. Kwano ɗaya ya ƙosar da kai, kuma yana cikin abinci mafi araha a gari. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa, amma a tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama akwai ruwan zafi kyauta, sai ka riƙe ɗan fulas ɗinka.

A wajejen Wangfujing da Tiananmen akwai masu tare baƙo da fara'a da Turanci mai kyau, su ce su ɗalibai ne, su gayyace ka shan shayi ko kallon zane-zane, daga baya a kawo maka lissafin da ya fi kuɗin otal ɗinka. Akwai kuma masu tallan bas mai arha zuwa ganuwa, wanda zai ɓata maka yini a shagunan duwatsun ado da magunguna. Ka yi musu godiya, ka ci gaba da tafiyarka zuwa tasha.

Farashin nan yana iya canjawa, saboda haka ku duba shafukan wuraren kafin ku tashi. A bidiyo na gaba za mu bi matakan haɗa katin banki da Alipay ɗaya bayan ɗaya. Sai mun haɗu, a huta lafiya.