Harafi Ɗaya Ya Sauya a DNA, Sai Me?

Tun da maganar nan ta karaɗe intanet, wai duk sauyin da ya samu DNA cuta ce, tambayoyi suke ta shigo mana. To, bari mu duba.

DNA wata igiya ce da ta murɗe, mai ɗauke da bayanan gado. Da haruffa 4 kacal aka rubuta ta: A, T, G, C, amma jerinsu a ɗan'adam ya kai kusan biliyan 3. A cibiyar ƙwayar halitta take zaune, ba ta fita. Ɓangaren da ake buƙata ake kwafowa, kwafin shi ne RNA, inda U ke maye gurbin T. Sai ya fito, ya nufi ribosom, injin haɗa furotin.

Mu dakata a nan, don a nan ake ruɗewa.

Ribosom ba ɗaya-ɗaya yake karantawa ba, uku-uku yake ɗauka. Haɗin uku-ukun nan iri 64 ne. Guda 3 daga ciki na nufin "tsaya", sauran 61 kuma amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 20 kacal suke kira. Kun ga ke nan dole a yi tarayya. GAG da GAA duk amino asid ɗaya, gulutamik asid, suke kawowa. In G na ƙarshe ya koma A, furotin bai ma san an yi ba. Masu yaɗa waccan magana, ina jin a daidai nan barci ya kwashe su a aji.

Yanzu a taɓa na tsakiya. GAG ya zama GUG, wani amino asid daban mai suna balin ya shigo a madadin gulutamik asid. Idan a gurbi na 6 na sarƙar beta ta himoglobin (furotin mai ɗaukar iskar oksijin a jini) hakan ya faru, jajayen ƙwayoyin jini za su iya lanƙwashewa kamar lauje. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba, shi ne mai sikila.

Wanda ya fi ɓarna kuwa shi ne harafi ya ɓace gaba ɗaya. Karanta wannan uku-uku: YAU MUN GAN SHI. A cire U na biyu. YAU MNG ANS HI. Ribosom ba ruwansa, haka zai ci gaba da karanta shirme, kuma galibi ba ya nisa zai ci karo da "tsaya", furotin ya fito guntu, ba ya aiki.